Kai Ba Kamar Sauran Ba Ne

Wani abokina farar fata ya taɓa gaya mini wata magana na yi masa godiya, sai da aka yi shekaru kafin na gane ashe ba ta godiya ba ce. Karatu ya haɗa mu, ɗaki ɗaya muke kwana, mun shekara biyu muna raba dare a kan littafi. Ya san bashin da ake bi na, ni kuma na san yarinyar da ta yi masa wulaƙanci. Ran nan hira ta yi daɗi, sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka san wani abu? Kai fa ba kamar sauran ba ne." Na yi murmushi, har kaina ya ɗan kumbura. Ban tambaye shi su wane ne sauran ba. Da na tambaya, da na tarar da mahaifina a cikinsu, da ƙannena, da duk wanda ya yi ɗawainiya da ni har na kai ga wannan ɗaki.

Mutumin nan ba mugu ba ne, kuma har gobe abokina ne. Abin da ya sa maganar ta ƙi barin zuciyata ke nan. Da maƙiyi ne ya faɗe ta, da tuni iska ta kwashe. Amma ta fito daga bakin mai ƙaunata, cikin ƙauna, kuma fassararta ita ce: hukuncin da na yanke wa mutanenku yana nan daram, kai kaɗai na yi wa afuwa. Gordon Allport, malamin nazarin halayyar ɗan Adam a jami'ar Harvard, ya lura da wannan ɗabi'a tun a littafinsa na 1954 kan ƙyamar da wata al'umma ke yi wa wata, har ya raɗa mata suna mai ma'anar mayar da shinge. Mutum ya ci karo da wanda ya ƙaryata abin da ya daɗe yana ɗauka, maimakon ya rushe shingen sai ya ɗaga shi kaɗan, ya zare mutum ɗaya, ya mayar ya ɗaure.

Ina cikin masu ganin abota tsakanin masu launi daban-daban alheri ce, kuma wanda bai taɓa ɗanɗana ta ba ya yi asarar wani abu. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda ake tallarta kamar maganin wariyar launin fata, sha yanzu magani yanzu: a haɗa baƙi da fari su sha hira su yi hoto, shi ke nan an wuce wurin. Abota tana iya gyara mutum biyu. Wani lokacin ɗaya take gyarawa. Wani lokacin kuma ba ta gyara kowa, sai dai ta yi wa wanda ake zalunta waƙar reno ya yi barci. In zan auna ta, ba na ƙirga dariyar da aka yi. Ina duba me aka yarda a ji daga bakin aboki, da me aka yarda a rasa saboda shi.

Ita kanta abotar ma ba ta da yawa kamar yadda talabijin ke nunawa. A Amurka, inda aka fi ƙididdige irin waɗannan abubuwa, kamfanin Gallup ya tambayi mutane a 1958 ko sun amince da aure tsakanin baƙar fata da farar fata. Kashi 4 cikin 100 ne suka ce e. Da aka sake tambayar a 2021, kashi 94 suka amince. Wanda ya ga wannan zai ce magana ta ƙare. Amma a 2013 wata cibiyar bincike mai suna PRRI ta zo da tambaya daban, ta ce kowa ya lissafa mutanen da yake tattauna muhimman al'amuransa da su. Kashi 75 cikin 100 na fararen fata babu mai wani launi ko ɗaya a lissafinsu, baƙaƙen fata kuma kashi 65 nasu duk baƙaƙe ne. Baki ya yarda, ƙafa ba ta taka ba, zumunci kuwa a ƙafa yake.

Wasu za su ce ai haka mutane suke, kowa ya fi sakewa da irinsa. Da ƙamshin gaskiya a ciki, amma kada mu manta an sha aiki kafin a raba mutane haka. A birnin Birmingham na jihar Alabama an taɓa yin dokar da ta hana baƙar fata da farar fata yin karta ko dara tare. Dara fa. Jihohi 16 na Amurka suna riƙe da dokar hana aure tsakanin baƙi da fari har sai da kotun ƙoli ta soke ta a 1967. A Afirka ta Kudu an hana irin wannan aure a 1949, a 1950 aka yi wa kowa rajista da launinsa, aka kuma yanka wa kowane launi unguwarsa. Masu rubuta dokar dara ba wawaye ba ne. Sun san wanda ya cinye ka sau uku a jere, da wuya ka ci gaba da rantsuwa cewa ƙwaƙwalwarsa ba ta kai taka ba. Da rabuwar nan halitta ce, da ba a buƙaci ɗan sanda ya tsare ta ba.

Dokokin sun tafi, sabo ya zauna. Bayan faɗuwar mulkin wariya, wasu masu bincike biyu, John Dixon da Kevin Durrheim, sun sa ido a wani bakin teku a lardin KwaZulu-Natal wanda a da na Turawa ne zalla. An cire allon hani, kowa na iya zuwa. Sai suka ga kowane launi ya yi dandalinsa, kuma idan baƙaƙe suka fara yawa, farare sukan naɗe kayansu su matsa ko su tafi. Babu wanda ya zagi wani. Kowa dai ya san inda zai shimfiɗa tawul ɗinsa.

Ban ce cuɗanya ba ta aiki ba. A farkon 1945, bayan sojojin Amurka sun yi asarar mutane da yawa a Turai, rundunar ta karɓi baƙaƙen fata 'yan sa kai, ta haɗa ƙananan rukunoninsu da na farare a fagen daga. Da aka bi ana tambaya, yawancin fararen sojojin da suka yi yaƙi kafaɗa da kafaɗa da su sun ce tsarin ya yi, waɗanda ba su taɓa ba kuwa yawancinsu suka nuna ƙyama. A 1948 shugaba Truman ya ba da umarnin kawo ƙarshen wariya a rundunar. A 2006 kuma Thomas Pettigrew da Linda Tropp suka tattara bincike 515 da aka yi a ƙasashe daban-daban, suka ga a mafi yawansu cuɗanya tana rage ƙyama. Gani ya kori ji, wannan ba na musu.

Sai dai Allport ya gindaya sharuɗɗa, kuma mutane sun fi son su tuna alkawarin su manta sharaɗin. Ya ce cuɗanyar da ke aiki ita ce wadda ɓangarorin suka shigo da matsayi ɗaya, suna neman abu ɗaya, suna buƙatar juna kafin su same shi, kuma hukuma ko al'ada tana bayansu. Na farkon nan shi ne ƙashin bayan maganar. In kusanci kawai ake nema, wa ya kai bawa da ubangidansa kusanci? A gonakin bayi na kudancin Amurka baƙar mace takan shayar da ɗan ubangidanta, yaron ya girma ya gaje ta cikin dukiya. A Johannesburg ta zamanin wariya, mai aikin gida ita ke renon yara, ta san ciwonsu ta san abin da ke ba su tsoro, ta kwana a ɗan ɗaki a bayan gida da kofinta daban. Turawan mulkin mallaka sun yi shekaru da kukunsu da boyinsu, wasu har hawaye suka yi ranar rabuwa. Ƙauna ce, ban ƙaryata ba. Amma ɗaya yana iya korar ɗaya da safe, kuma dukansu sun san haka. Sai hali ya zo ɗaya ake abota, in ji masu iya magana. Ni zan ƙara da cewa sai kowa yana iya cewa a'a ba tare da ya rasa abin rufin asirinsa ba.

Ko an cika sharuɗɗan ma, ƙaunar ba lalle ta tsallaka shinge ba. Wata mai bincike, Salma Mousa, ta shirya gasar ƙwallon ƙafa a arewacin Iraƙi ga Kiristocin da 'yan ISIS suka raba da gidajensu, ta sa Musulmi uku-uku a wasu ƙungiyoyin. Sakamakon da ta wallafa a 2020 ya nuna Kiristocin da suka buga da Musulmi sun fi yarda su sake yin atisaye da su, sun fi yarda su zaɓi Musulmi a ba shi kyautar ɗa'a a fili. Amma game da Musulmin da ba su sani ba, a wajen fili, ba a ga wani canjin a zo a gani ba. Can bambancin na addini ne, amma cutar iri ɗaya ce da ta abokina. Ruwanda kuwa ta fi kowa ba da tsoro. Hutu da Tutsi harshensu ɗaya, cocinsu ɗaya, sun yi auratayya, sun yi maƙwabtaka. A 1994, cikin kwana kusan 100, an kashe mutane wajen 800,000, kuma da yawa sun san sunan wanda ya zo musu da adda.

Akwai wani sakamakon da ya fi ba ni kunya, domin ya taɓa ni. Masu binciken bakin tekun nan, tare da Colin Tredoux, sun gano cewa baƙaƙen Afirka ta Kudu da suka fi cuɗanya da farare sukan rage goyon bayan manufofin da aka tsara don gyara ɓarnar wariya. Na san yadda abin ke faruwa, don na yi shi. Kana da aboki mai kirki, ba ka son ka ɓata masa rai, sai ka fara tauna magana kafin ka faɗa, daga nan ka fara haɗiye ta, daga nan ka fara gaya wa kanka ai abin bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Ran da wani naka ya kawo kuka, kai ne za ka ce masa ya cika ƙorafi.

Shi ya sa labaran abotar da duniya ta fi yayatawa ba su ne suka fi burge ni ba. Kowa ya san na Jesse Owens da Luz Long a gasar Olamfik ta Berlin a 1936: baƙar fata ɗan Amurka ya ci zinare a tsalle, Bajamushe ya zo na biyu, ya rungume shi a gaban jama'a a ƙasar Hitler. Ƙarfin hali ne, ba wasa ba. Amma Long ya mutu a Sisili a 1943 sanye da kakin sojan Jamus, Owens kuma ya koma gida da zinare huɗu, shugaba Roosevelt bai gayyace shi fada ba, har ta kai shi ga yin tsere da dawakai don neman na kashewa. Haka labarin Nelson Mandela da gandirobansa Christo Brand, wanda ya zo tsibirin Robben a 1978 yana saurayi, suka shaƙu har ƙarshen rayuwar Mandela. Ana son labarin nan ƙwarai, kuma ina zargin dalilin: ba ya neman komai daga mai ƙarfi sai ɗan sassauci, duk nauyin yafiya yana kan wanda aka kulle. Brand ya yi kirki gwargwadon hali. Makullin dai a aljihunsa yake kwana.

Abokan Mandela da ya kamata a riƙa ba yara labarinsu suna cikin shari'ar Rivonia, wadda gwamnatin wariya ta yi wa Mandela da abokan gwagwarmayarsa. A ranar 12 ga Yuni 1964 aka yanke wa mutum takwas ɗaurin rai da rai. Ɗaya daga cikinsu, Denis Goldberg, farar fata ne, injiniya, wanda da ya ga dama da ya zauna a unguwar Turawa ya ci zamaninsa. Tare aka same su da laifi, tare aka yanke musu hukunci ɗaya, amma ko kurkuku ba a yarda su yi tare ba. Aka kwashi bakwai zuwa tsibirin Robben, shi aka kai shi Pretoria inda ake tsare farare, ya yi shekara 22. A tsibirin ma wariyar ba ta ƙare ba. Ahmed Kathrada, da yake asalinsa Ba'indiye ne, an ba shi dogon wando, su Mandela da Walter Sisulu aka ba su gajere kamar yara. Da Mandela ya matsa, sai aka ajiye masa dogon wando shi kaɗai a ɗakinsa. Wato an ce masa, kai ba kamar sauran ba ne. Ya ce ko a ba kowa ko a zo a ɗauke, aka zo aka ɗauke. Duk lokacin da na tuna wannan wando sai in tuna murmushin da na yi a ɗakinmu na makaranta.

Lauyan da ya jagoranci kare su, Bram Fischer, ɗan babban gida ne a cikin Afirkana, wato fararen fatar da ke riƙe da mulkin wariya. Kakansa ya yi firaministan yankin Orange River, mahaifinsa babban alƙali ne, shi ma hanya a buɗe take gabansa. Ya zaɓi ɓangaren waɗanda danginsa ke takewa. A 1966 shi ma aka yanke masa ɗaurin rai da rai, ciwon daji ya kashe shi a 1975, hukumar gidan yari ta ce ko tokar gawarsa a mayar mata. Mutanensa sun kira shi maci amana. Wannan shi ne kuɗin da ya biya, kuma ya san farashin tun kafin ya taya.

Ba kowa za a nema wa kurkuku ba. Peter Norman ɗan Ostireliya abin da ya yi ɗan kaɗan ne. A gasar Olamfik ta Meziko a 1968 ya zo na biyu a tseren mita 200, tsakanin baƙaƙen Amurka biyu, Tommie Smith da John Carlos. Suka gaya masa za su ɗaga hannu a kan dandamali don nuna adawa da wariya. Bai ce su bari wasa ya zama wasa ba, ya nemi bajon ƙungiyarsu ya maƙala a ƙirji ya tsaya tare da su. Ya sha suka a gida, bai sake zuwa gasar ba, duk da cewa lokacin da ya yi a ranar, daƙiƙa 20.06, ya fi shekara 50 babu ɗan ƙasarsa da ya karya. Da ya rasu a 2006, Smith da Carlos suka taso tun daga Amurka suka ɗauki akwatin gawarsa. Majalisar ƙasarsa ba ta nemi gafararsa ba sai a 2012, yana kabari.

Wancan ɓangaren rasawa ke nan. A ɓangaren ji kuwa, ban san wanda ya kai Frederick Douglass ba. Bawa ne a Amurka da ya gudu a 1838 ya zama babban mai yaƙi da bauta. A 1863 ya shiga fadar shugaba Lincoln, ba don gaisuwa ba, sai don ya faɗa masa cewa ana biyan baƙaƙen sojoji ƙasa da farare. A 1865, a liyafar rantsar da Lincoln karo na biyu, 'yan sanda suka tare shi a ƙofa saboda launinsa, da ya samu shiga Lincoln ya kira shi abokinsa a gaban kowa. Wani da ya samu wannan, ya samu abin ba jikoki labari, ba zai sake buɗe baki ba. Amma a 1876, wajen buɗe mutum-mutumin tunawa da Lincoln a Washington, Douglass ya tsaya gaban manyan ƙasa ya ce Lincoln da farko shugaban farar fata ne, baƙaƙe kuwa agololinsa ne. A cikin jawabin kuma ya yabe shi yabo mai nauyi, ya bayyana irin matsin da ya yi aiki a ciki. Bai ga saɓani tsakanin biyun ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Nan ne yawancin irin wannan abota ke tuntuɓe. Ana iya hirar ƙwallo, da aiki, da iyali, shekara goma lafiya lau. Ranar da baƙin ya ce yau an yi mini kaza saboda fatata, sai fuskar aboki ta canja. "Anya kuwa? Ƙila dai ba haka yake nufi ba." Ko kuma, "Ni fa ba na ganin launi." Mai faɗin haka yana jin ya yi karamci, bai san ya ce wa abokinsa ba zan ga abin da ke cinka ba. Wani ma har da kimiyya zai kawo, kuma kimiyyar gaskiya ce: tun 1972 Richard Lewontin ya nuna kusan kashi 85 cikin 100 na bambancin ƙwayoyin halittar 'yan Adam yana cikin kowace al'umma ne, abin da ya raba launi da launi ɗan kaɗan ne. To amma jami'in da ke duba fasfo bai karanta Lewontin ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, abin da ake nema ga aboki shi ne ya yarda cewa da yoyon, ko da shi ɗakinsa a bushe yake.

Akan kawo mini misalin Daryl Davis, baƙar fata makaɗin piyano a Amurka, wanda tun shekarun 1980 yake zama da 'yan ƙungiyar Ku Klux Klan ta farare masu ƙin baƙar fata, har wasunsu suka tuba suka miƙa masa rigunansu. Na jinjina masa. Amma wannan baiwa ce tasa, ba farilla ba ce a kan kowane baƙi ya zama malamin maƙiyinsa kyauta.

Yanzu bari in juyo gida, don in na tsaya a nan na yi son kai. Mu ma hannunmu ba a wanke yake ba. Akwai wanda in ya yi aboki Bature ji yake kamar an ba shi lambar girma, ya yi ta saka hotonsu a Facebook, ya yi masa uzurin da ba zai yi wa ɗan'uwansa ba, maganar da ya ƙi ji daga bakin malaminsa in Bature ya maimaita ta sai ta zama hikima. Akwai wanda yake kallon abokin a matsayin tsani, yau biza gobe aiki, kuma shi abokin yana ji a jikinsa ko bai faɗa ba. Wannan ma mayar da mutum launinsa ne, sai dai ta ƙofar yabo. Muna jin zafi in an ce duk baƙaƙe kamarsu ɗaya, mu kuma duk mai ƙananan idanu ɗan Sin ne a wurinmu, ko daga Koriya ya fito ko daga Japan. A tsakaninmu ma muna da ma'aunin fata, wane ya fi wane haske, kuma cinikin man bilicin daga Afirka har Indiya shaida ne cewa darasin da aka koya mana ya zauna. Muna da karin magana da ke cewa naka sai naka, daɗin zama sai bare. Na daɗe ina jin daɗinta, sai daga baya na ga ita ma shinge ce: ta ba bare hira da dariya, ta hana shi ranar kuka. Goldberg bare ne. Fischer bare ne.

Mu da muke Musulmi mukan yi saurin cewa mu addininmu ya gama da wannan tun tuni, kuma a koyarwa haka ne. Bilal Bahabashe ne, Sayyidina Abubakar ya saye shi ya 'yanta, ya zama ladanin farko. Salmanu mutumin Farisa ne, Manzon Allah (SAW) ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakaninsa da Abud Darda'i. Da Abu Zarri ya goranta wa wani mutum uwarsa, an gaya masa kai tsaye cewa da sauran jahiliyya a tare da shi. Malcolm X, jagoran gwagwarmayar baƙaƙen Amurka, ya je Hajji a 1964 yana ganin farar fata shaiɗan ne, ya dawo ya ce ya sha ruwa a kofi ɗaya da masu shuɗin ido kuma ya ga 'yan'uwantaka ta gaske. Duk gaskiya ne. Gaskiya ne kuma cewa har yau a wasu ƙasashen Larabawa kalmar da ke nufin bawa ita ake jifan baƙar fata da ita, cewa Muritaniya ba ta soke bauta ba sai a 1981 kuma ba ta mayar da ita laifin da ake hukuntawa ba sai a 2007, cewa a 2017 duniya ta ga bidiyon gwanjon baƙaƙen 'yan ci-rani a Libiya. Sahu ɗaya a masallaci abu ne mai girma. Tambayar da ke fasa ƙwai ita ce wadda ake yi bayan an sallame, ranar da wanda ya tsaya kusa da kai ya zo neman 'yarka.

Shekaru bayan mun gama karatu, ni da abokin nan nawa muka yi tafiya tare zuwa wani taro. A filin jirgi aka duba fasfonsa aka miƙa masa, ko minti ɗaya bai yi ba. Ni aka ce in koma gefe, daga gefe aka shiga da ni wani ɗaki. Takarduna cikakku ne, gayyatarmu iri ɗaya, daga wuri ɗaya. An taɓa yi mini irin wannan a gabansa muna ɗalibai, a lokacin cewa ya yi ƙila aikinsu ne kawai, ni kuma na ce haka ne, muka wuce. Wannan karon da na fito bayan awa biyu, sai na tarar da shi zaune a ƙasa a bakin ƙofar, jakarsa a cinya. Jirginmu na gaba ya tashi. An ce masa ya tafi ya ƙi, ya tambayi dalilin tsare ni ba a ba shi amsa ba, ya rubuta sunan jami'in a bayan tikitinsa. Abin da ya fara ce mini shi ne, "Sau nawa ake yi maka haka?" Na ce ban ƙirga ba. Ya ce, "Me ya sa ba ka taɓa gaya mini ba?" Na ce na taɓa.

A daren, muna jiran wani jirgin, na tuna masa maganar da ya yi a ɗakinmu. Ya ce bai tuna ba. Daga nan ya ce ba haka yake nufi ba. Daga nan ya fusata, ya ce ashe shekara da shekaru ina riƙe da shi a zuciya yana zaune bai sani ba. Muka yi taron kowa na kauce wa idon ɗan'uwansa, muka rabu, sati uku ba wanda ya nemi wani. Na ɗauka ta ƙare.

Shi ya kira. Ya ce ya yi ta juya maganar, kuma ya tuna, ya kuma san su wa yake nufi da sauran, ba zai yi mini ƙarya ba. Na yi shiru ina jin daɗin nasara. Sai ya ce shi ma yana da tambaya, in ba zan ji haushi ba. Ya ce, "Duk inda ka kai ni cikin mutanenka, cewa kake yi ga abokina Bature. Ban taɓa jin ka fara da sunana ba. Me ya sa?"

Na buɗe baki zan ce ai wannan da wancan ba ɗaya ba ne. Har yanzu ina ganin ba ɗaya ba ne, domin ba a taɓa shigar da shi wani ɗaki saboda kalmar ba. Amma na tuna hoton farko da na aika wa 'yan'uwana daga makaranta, yadda na zaɓi wanda yake ciki, da yadda na matso da shi tsakiya. Na ce masa ya ba ni kwana biyu, zan kira shi.